Ƙwallo Tana Kwance, Zuciya Tana Rawa: Halayen Ƴan Wasan Golf

Yau shafinmu zai fita daga filin kokowa da na balo, ya leƙa wani wasa wanda galibinmu ba mu taɓa gani ba sai a hoto ko a talabijin, watau golf, wanda waɗansu maƙwabtanmu na Najeriya su ke kira ƙwallon lambu. Za mu bar zakarun da ke cin abinci da shi a gefe, sai inda zance ya biyo ta kansu. Waɗanda mu ke nufi su ne sauran, watau likita da alƙali da ɗan kasuwa da tsohon soja, masu ɗaukar sanda ranar Asabar ko Lahadi da sunan shan iska. Mutane ne masu hankali da natsuwa, waɗanda a wurin aikinsu ba a kawo musu zancen banza. Amma da sun taka ciyawar fili, sai ka ga dattijo yana magana da ƙwallo, yana roƙonta, yana zaginta. Ka ga malamin lissafi ya ƙi buga ƙwallo domin lambar da ke jikinta ba ta yi masa ba. Ka ga shugaban ƙasa yana gaba da itace. In ka ji gangami da labari. To, mene ne a cikin wannan wasa da ke mayar da manya haka?

Sai mun fara da yadda a ke yinsa, domin a nan amsar ta ke. Fili ne mai faɗi ƙwarai, an haƙa ƙananan ramuka 18 a cikinsa, kowane da tutarsa. Faɗin bakin rami santimita 10,8 ne, ƙwallon kuwa ba ta kai ƙwan kaza ba, nauyinta bai wuce giram 46 ba. Ɗan wasa ya kan tashi daga wani wuri da aka keɓe, ya yi ta bugun ƙwallonsa da sanda har ta faɗa rami na farko, sa'an nan ya nufi na biyu, haka har na 18. Tsakaninsa da kowane rami an gitta masa tafki, ko itatuwa, ko kwarin rairayi, ko doguwar ciyawa. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Gwani ya kan gama da bugu 72 ko abin da ya yi kusa, mai wasan shan iska kuwa in ya gama da 100 sai ya gode wa Allah. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanda har 14 a jakarsa, kowace da aikinta.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotlan ne, arewacin Ingila. Tun a shekara ta 1457 sarkin ƙasar, James na Biyu, ya hana shi, domin samari sun bar koyon harbin kibiya sun koma bin ƙwallo a bakin teku. Hanin bai yi tasiri ba, har ma a 1502 aka ga jikansa, James na Huɗu, ya sayi sandunan golf nasa na kansa a wurin wani mai sassaƙa bakuna. An rubuta dokokin farko, guda 13, a garin Leith a 1744. A 1764 mutanen St Andrews suka rage ramukan filinsu daga 22 zuwa 18, duniya kuma ta bi su. Faransa ba ta sami filinta na farko ba sai a 1856, a garin Pau, shi ma Ingilishi ne suka kafa shi.

Ƙwallon da ba ta gudu

A wasan balo, ƙwallo tana zuwa maka da gudu, ɗan baya yana bisa kanka, ba ka da lokacin tunani. Ƙafa ce ke yanke shawara kafin kai ya farga. A kokowa, in ka tsaya tunani sai ka ji ka a ƙasa. Golf ya saɓa wa wannan duka. Ƙwallo tana kwance bisa ciyawa, ba ta motsi, ba mai ƙwace ta, ba mai ture ka, kowa ya yi tsit yana kallonka. Babu alƙalin wasa da za ka ɗora wa laifi, babu abokin wasa da ya ƙi ba ka. In ta tafi daidai kai ne, in ta faɗa ruwa kai ne.

Sa'an nan ga maganar lokaci. Zagaye ɗaya ya kan ci awa 4, wani lokaci 5, mutum ya taka kilomita 8 ko fiye. Amma ɗaga sanda da sauke ta ba ya wuce sakan 2. Ko da mutum ya yi bugu 100, in aka tara duka ba za su kai minti 4 ba. Saura fa? Saura duk tafiya ce da jira da tunani. Awa huɗu mutum yana tafe da zuciyarsa, tana tuna masa bugun da ya ɓata ɗazu, tana nuna masa tafkin da ke gaba, tana lissafa masa abin da abokai za su faɗa. A ganinmu daga wannan dogon zaman jira ne duk halayen ƴan golf suka tsiro. Zuciya ba ta zama banza; in ba a ba ta abin riƙewa ba, sai ta ƙago wa kanta.

Ku dubi abin da mutum ya ke yi kafin bugu ɗaya tak. Ya tsaya bayan ƙwallo ya hango tuta. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama domin ya ga inda iska ta nufa, ko da kuwa ganye ɗaya ba ya motsi. Ya gwada bugu a banza, wani sau ɗaya, wani sau biyu, wani kuwa sai uku cif, in aka yi masa magana a na biyu sai ya koma farko. Ya gyara hula, ya ja hannun riga, ya ɓalle safar hannu ya mayar. Ya kafa ƙafafu, ya jijjiga ƙugu, ya karkaɗa kan sanda bisa ƙwallo kamar mai korar ƙuda, ya dubi tuta, ya dubi ƙwallo, ya sake duban tuta. Bayan duk wannan hidima sai ya kai bugu, ƙwallo ta gangara taki goma ta tsaya. Abokansa kuwa kowa ya sunkuyar da kai, domin kowa ya san nasa yana tafe. Abin ya kai ga hukumomin wasan, a dokokin da suka sabunta a 2019, suka ba da shawara kada mutum ya wuce sakan 40 kafin ya buga, suka kuma rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓace daga minti 5 zuwa 3. Ko cikin zakaru akwai wanda ya sha kunya bisa wannan: a gasar Amurka ta 2002, Sergio Garcia ɗan ƙasar Sipaniya ya yi ta saki da sake riƙon sanda kafin kowane bugu, har ƴan kallo suka shiga ƙidaya masa da ƙarfi.

Abin da ke cikin aljihu

In kana so ka san ɗan golf, ka ce ya zazzage aljihunsa. Za ka tarar da ƴan ƙananan turaku na itace, waɗanda a ke kafawa a ƙasa a ɗora ƙwallo a bugun farko na kowane rami. A da da jiƙaƙƙen rairayi a ke tara ɗan tudu, har wani likitan haƙori baƙar fata na birnin Boston, George Grant, ya yi rajistar turken itace a 1899. Turke dai turke ne, amma wani ba ya amfani da kowane sai fari, wani ya ce ja yana jawo masa tsiya, wani kuma in ya yi bugu mai kyau da guda ɗaya zai yi ta lallaɓa shi, in ya karye ya yi jimami kamar an yi masa rasuwa. Za ka tarar da ƙwandala ɗaya, wadda ya ke ajiyewa a gurbin ƙwallo in zai ɗaga ta kusa da rami. Kowace ƙwandala za ta yi wannan aiki, amma tasa guda ce, ta shekarar haihuwarsa, ko wadda ya samo a wata tafiya, kuma kullum fuska ɗaya ya ke kifawa ƙasa. In ya manta ta a gida, ranar ta ɓaci tun ba a fara ba.

Ƙwallo kuma kowace tana da lamba, galibi daga 1 zuwa 4. Dalilin lambar a fili ya ke: domin mutum ya gane tasa, tun da wanda ya bugi ta wani doka tana ƙara masa bugu 2. Amma ƴan wasa sun ɗora wa lambobin nan abin da masu yin su ba su nufa ba. Akwai masu gudun lamba 3, wai tana sa a yi turi uku kafin ƙwallo ta shiga rami, abin da kowane ɗan golf ya ke ƙi. A Japon da Koriya da Sin kuwa lamba 4 ce abin gudu, domin sunanta a harsunansu ya yi kama da kalmar mutuwa. Akwai mai cewa ba a wanke ƙwallo muddin tana tafiya daidai, kada a wanke sa'ar. Akwai kalmar da a ke kiran wani mummunan bugu da ita, wanda ƙwallo ke tsere wa sanda ta yi gefe, wadda ƴan golf na Ingila da Amurka da yawa ba su yarda a ambata a fili ba, kamar yadda a wurinmu a ke sakaya sunan maciji da dare a ce igiyar ƙasa.

Ƙananan ƴan wasa ba su rasa madogara ba, domin manyan ma haka su ke. Tiger Woods ya shahara da jar riga a ranar ƙarshe ta gasa, bisa shawarar mahaifiyarsa ƴar ƙasar Tailan. Jack Nicklaus ya kan shiga fili da ƙwandala uku a aljihu. Ernie Els na Afirka ta Kudu, in ƙwallo ta ba shi rami mai kyau sai ya canza ta, wai abin da ke cikinta ya ƙare. Mai wasan Lahadi ya ga haka sai ya sayi jar riga shi ma. Abin da ya manta shi ne Tiger ya fara riƙe sanda tun yana ɗan shekara biyu.

Cikin dukan waɗannan ɗabi'u, wadda ta fi ba mu dariya, ta kuma fi tona asirin mai ita, ita ce ta tsohuwar ƙwallo. Mutum ya iso ramin da tafki ya gitta. Sai ya mayar da sabuwar ƙwallonsa aljihu, ya laluba gindin jaka ya fito da wata tsohuwa, ƙoƙasasshiya, wadda ya tsinta a daji, domin in ta nutse ba a yi hasara ba. A ido tattali ne. Amma a gaskiya ya riga ya gaya wa hannuwansa inda ƙwallo za ta, su kuwa hannuwa ba su musu. Ta faɗa ruwa, ya juyo ya ce da abokai, kun gani, da sabuwar ce fa? Ya tafi yana yaba wa kansa hangen nesa, gobe kuma ya sake.

Tantabarun malam Skinner

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, B. F. Skinner, ya yi wani gwaji a 1948 wanda ya kamata a rataye labarinsa a ƙofar kowane filin golf. Ya sa tantabaru 8 masu jin yunwa a keji, kowace ita kaɗai, ya haɗa wata na'ura da ke miƙo musu tsaba duk bayan sakan 15, ko sun yi wani abu ko ba su yi ba. Ba a jima ba 6 daga cikinsu suka ɗauki wata sara. Ɗaya tana kewaya keji ta hannun hagu, ɗaya tana cusa kai a kusurwa, wata tana kaɗa kai gefe da gefe. Abin da kowace ta ke yi lokacin da tsaba ta fara zuwa, shi ta riƙe, kamar shi ne ya kawo ta.

Golf keji ne irin wannan. Mafi rashin iyawa a cikin ƴan wasa, a cikin bugu ɗari sai ya sami biyu ko uku da suka fita tsaf, ƙwallo ta tashi kamar shaho ta sauka gindin tuta, irin bugun da zakaran duniya ba zai raina ba. Bai san abin da ya yi daidai ba, domin haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, ido ba ya gani, hankali ba ya kamawa. To, sai ya waiwaya ya nemi dalili a inda ya ke iya gani: hular da ya sa, ayabar da ya ci a rami na tara, tarin da ya yi kafin ya buga. Daga ranar hula ta zama laya.

Kada mai karatu ya yi saurin yi wa Nasara dariya. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa, tun daga gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975 har zuwa yau, ya ga ƙato ya shigo da guraye da layu, ya tsuguna ya shafi ƙasa, ya zuba wani ruwa a ka, ya ƙi shiga sai ta wata kusurwa. Bambancin kawai shi ne ɗan kokowa ba ya ɓoye nasa, ɗan golf kuwa in ka tambaye shi zai ce shi bai yarda da camfi ba, ƙwandalar dai ya saba da ita ne.

Amma fa a yi adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Masu koyar da wasan da kansu su kan umurci ɗalibi ya tsara abin da zai riƙa yi kafin kowane bugu, iri ɗaya, ba ragi ba ƙari, domin jiki ya shagala da abin da ya saba, tsoro ya rasa ƙofar shiga. Wannan magani ne, kuma yana aiki. Wanda ya rasa irin wannan mafaka ya kan gamu da wata cuta da ƴan golf su ke tsoro fiye da kowace, wadda wani zakara haifaffen Sikotlan, Tommy Armour, ya laƙaba wa suna yips. Mutum yana tsaye, tsakanin ƙwallo da rami bai fi kamu ɗaya ba, yaro ɗan shekara biyar zai tura ta ta shiga, amma hannu ya ƙage, ko ya zabura da kansa, ƙwallo ta wuce. Bernhard Langer na Jamus, wanda ya ci babbar gasar Masters a 1985 da 1993, ya yi fama da ita ba sau ɗaya ba, kowane karo sai ya sake yadda ya ke riƙe sanda. Saboda haka in ka ga dattijo ya riƙe sandar turi a wata irin karkace, ko ya rufe ido kafin ya tura, kada ka tambaye shi. Akwai abin da ya gani.

Laifin sanda, laifin itace

Da ƙwallo ta tashi, aikin ɗan wasa ya ƙare, amma bakinsa yanzu ya fara. Tafi! Zauna! Dawo, don Allah dawo! Yana faɗa yana karkata jiki wajen da ya ke so ta bi, har ya ɗaga ƙafa ɗaya, kamar akwai igiya tsakaninsu. In ta ƙi ji, sai a nemi mai laifi. Sanda ce ta farko. Akwai mai jefa ta cikin tafki, ya dawo da yamma yana neman yaron da zai tsamo masa. Akwai mai yi mata horo, ya kulle ta a ɗaki wata guda, ya fita da kishiyarta domin ta ji haushi ta gyara hali. Akwai mai sayen sabuwa duk shekara, kuma masu kamfanonin sanduna sun san shi sarai, da shi su ke gina benaye.

Labarin Janar Eisenhower ya isa misali. Mutumin da ya jagoranci rundunonin ƙawance a yaƙin duniya na biyu, ya kuma mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961, yana wasa a filin Augusta, inda wani dogon itace ke tsaye a hanyar rami na 17, gefen hagu. Ƙwallonsa ta yi ta karo da itacen nan har abin ya ishe shi. A taron kulob na 1956 ya tashi ya nemi a sare shi. Shugaban kulob, Clifford Roberts, bai iya ce wa shugaban ƙasa a'a ba, bai kuma yarda a sare ba, sai kawai ya rufe taro. Itacen ya ɗauki sunan Eisenhower, ya rayu shekara 45 bayan rasuwarsa, sai a watan Fabrairu na 2014 ƙanƙara ta kakkarya shi aka cire.

Ban da ɗabi'un kowa shi kaɗai, akwai waɗanda jama'ar golf suka yi tarayya a kai, kuma mai shiga wasan ya kan koye su tun kafin ya iya riƙe sanda. Ba a magana in wani zai buga. Ba a taka layin da ƙwallon wani za ta bi zuwa rami, ba a bari ko inuwa ta faɗa masa. Wanda ya shiga kwarin rairayi sai ya share sawunsa kafin ya fita. In an gama rami na 18 kowa ya tuɓe hula a yi musafaha, ko da zuciya tana tafasa. Sa'an nan akwai sassauci iri biyu da ba su cikin littafin doka amma abokai su kan yi wa juna. Na farko sunansa maligan: in bugunka na farko da safe ya lalace, a yi kamar ba a gani ba, ka sake. Shugaba Bill Clinton ya yi suna wajen yawan neman wannan alfarma. Na biyu shi ne in ƙwallo ta matso rami ƙwarai, abokin hamayya ya ce ɗauka, na ba ka. A nan a ke gane zumunci. Mutum zai ba ka sau biyar a farkon wasa, ya bari sai rami na ƙarshe, lokacin da kuɗin fare ke kan layi, ya yi shiru yana kallon sama.

Tun da ba alƙali ke bin mutum ba, kowa shi ke ƙidaya bugunsa, shi ke kuma kai ƙarar kansa. Ƴan golf suna alfahari da labarin Bobby Jones, lauya wanda bai taɓa karɓar kuɗin gasa ba. A gasar Amurka ta 1925 ƙwallonsa ta ɗan motsa cikin ciyawa lokacin da ya ke shirin bugu. Ba wanda ya tabbatar ya gani sai shi, amma ya nace a ƙara masa bugu ɗaya, kuma wannan bugun ne ya hana shi cin gasar kai tsaye, aka yi kunnen doki, ya faɗi a wasan raba gardama. Da aka yabe shi sai ya nuna bai ga abin yabo ba, domin a wurinsa kamar a yabi mutum ne don bai fasa banki ba. Labari ne mai kyau, kuma kowane ɗan golf ya iya ba da shi. Sai dai wanda ya gama ba ka shi, in ƙwallonsa ta maƙale gindin ƙaya, ka kau da kai kaɗan, za ka juyo ka tarar ta fito fili, ƙafarsa kuwa tana kusa. Haka kuma akwai rangwamen bugu da a ke yi wa kowa gwargwadon rauninsa, domin rago ya iya karawa da gwani. Wani ya kan ɓoye kyawawan sakamakonsa domin rangwamensa ya yi yawa ya ci kofi, wani kuwa ya ɓoye munanan domin a ce ya iya. Na biyun ya fi ba da tausayi, domin da kuɗinsa ya ke sayen faɗuwa duk mako.

Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ba a ga turken da ya kai na golf ƙarfi ba. A 1940, jiragen Jamus suna ruwan bama-bamai bisa birnin London, kulob ɗin Richmond bai rufe fili ba, sai ya fitar da dokokin wucin gadi: an yarda ɗan wasa ya nemi mafaka in ana harbi, ba tare da an ci shi tara ba, ƙwallon da bam ya gusar a mayar da ita gurbinta, amma wanda ƙarar fashewa ta ɓata wa bugu, in zai sake, sai an ƙara masa bugu ɗaya. A watan Fabrairu na 1971 ɗan sama jannati Alan Shepard ya tafi duniyar wata da kan sandar golf a cikin safa, ya ɗaura shi a jikin wani kayan aiki, ya bugi ƙwallo biyu da hannu ɗaya, ya shaida wa duniya cewa ta biyun ta yi tafiyar mil da mil. Da aka auna hotunan bayan shekara 50, sai aka tarar ba ta kai mita 40 ba. Ɗan golf ko a wata ɗan golf ne.

Wannan naci ya iso har ƙasashenmu na Sahel, inda ruwan sha ma aiki ne balle na ban ciyawa. Tun zamanin mulkin mallaka Ingilishi suka shata filaye a Jos da Kaduna da Kano. A Wagadugu, da nan bayan garin Yamai, an shata fili bisa jar ƙasa da tsakuwa. A irin waɗannan wurare, maimakon lallausar ciyawar da ke kewaye rami, rairayi a ke cuɗawa da baƙin man mota a daddaɓe, kafin mutum ya tura ƙwallo a share masa hanya. Ɗan wasa kuma ya kan yi yawo da ɗan guntun tabarmar ciyawar roba, duk inda ƙwallo ta tsaya ya shimfiɗa ya ɗora ta ya buga, ya naɗe abinsa ya yi gaba, awaki suna kallonsa.

Ramuka 18 ne a fili, amma ƴan golf suna da na 19, watau zauren kulob inda a ke zama bayan wasa. A nan bugun mita 150 ya ke zama na 200, a nan kowa ya ke bayyana yadda da ba don iska ba, da ba don wani ya yi tari ba, da yau ya kafa tarihi. A Japon ba su ma jira a gama ba: bayan rami na 9 sai a zauna a ci abincin rana sosai, in an ƙare na 18 kuma a shiga wankan ruwan zafi. A zauren nan ne kuma a ke biyan wani bashi mai ban mamaki. Babban burin kowane ɗan golf shi ne ya jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya tak, abin da masu lissafin inshora su ke ƙiyasta wa mai wasan shan iska sau ɗaya cikin gwaji wajen 12.500. Mutum ya kan yi shekara 40 yana wasa bai samu ba. To, ranar da ya samu, maimakon a yi masa kyauta, shi ne zai sayi abin sha ga duk wanda ke zauren, wanda ya sani da wanda bai sani ba. A Japon abin ya wuce nan: sai ya shirya walima, ya raba tsaraba ga abokai da abokan aiki, ya sallami mai ɗaukar masa jaka, wani har ya dasa itace a filin domin tunawa. Kuɗin ya kan yi nauyin da tun shekarun 1980 kamfanonin inshora na ƙasar suka fara sayar da takardar kariya daga wannan sa'a. Mutum ya biya kuɗinta duk shekara, sa'an nan ya fita fili da farin turkensa da ƙwandalarsa, ya gwada bugu sau uku, yana roƙon abin da ya yi wa inshora ya same shi.